Baitin da Ba Ya Kaiwa Karare

Bari in fara da wautata, tunda ita mutanen Batsari suka fi riƙewa. Da aka ce mana 'yan fim na zuwa daga Kano saboda waƙarmu, sai da na shafa wa gemuna lalle, na aro babbar riga wurin maƙwabcina, na bi rumfunan kasuwa ina cewa kowa ya shirya ganina a talabijin. Ashe murya kawai suke so. Har yau in na gitta wurin masu tsire sai su ce, "Ga jarumi nan, a ba shi hanya."

Mu huɗu muka fara, tun muna samari. Mai kukuma, wanda shi ne mai waƙa kuma maigidanmu, mutumin Babban Duhu ne. Akwai mai kalangu da mai ƙwarya, Allah Ya jiƙansu. Ni da ban iya komai ba aka ba ni kaɗa gora da amshi. Ba mu taɓa yi wa manya kiɗa ba. Wurinmu bayan tasha ne ranar kasuwa, gefen teburin mai shayi, inda direbobi da manoma ke zama bayan la'asar. Sai gayya da suna, in an tuna da mu.

Waƙar da ta riƙe mu ita ce ta ɗan ci-rani da ya ji an yi ruwan shuka a gida, ya kamo hanya. A cikinta akwai baiti mai tsawo, inda maigida yake jero garuruwan da mutumin ya ratsa da numfashi ɗaya, har ya dire a Karare, sannan ni in amsa. Da ƙuruciya yakan dire da sauran iska a ƙirji. Da girma ya zo, numfashin ya fara tsinkewa dab da ƙarshe. Ran da na ga jijiyar wuyansa ta tashi, sai na faɗa da amshi kafin lokaci, na rufe wurin. Aka yi mini dariya. Daga nan na zama mai azarɓaɓi, na kuma riƙe sunan. Shi kansa yakan harare ni ya ce, "Tsohon banza, ina za ka? Fura ake rabawa?"

Mai fim ɗin saurayi ne mai ladabi. Ya ce mahaifinsa ɗan Karare ne, duk zuwansa gida sai ya tsaya bayan tasha ya saurare mu, ya koma Kano yana rera waƙar nan har ya rasu. Yana son a sa waƙar a wurin da jarumin fim yake komawa ƙauyensu a kan babur. Ya shigar da mu wani ɗaki bayan shagon cajin waya, ya jingina katifu a bango, ya ɗora abin saurare a kunne.

Muna gama zagayen farko ya ce, "Baba mai gora, kana shigowa da wuri. Ka bari ya gama."

Ni da rigar aro, ina son a ce na iya aiki, sai na jira. Maigida ya ɗauko garuruwa, ya wuce Safana, ya shigo Batsari, nan muryar ta yanke. Ba a jin komai a ɗakin sai ƙirjinsa. Ya sake, ta yanke a wuri ɗaya.

Saurayin ya sunkuya ya ce wa maigida, "Baba, kada ka wahalar da kanka. Akwai wani mawaƙi a Kano, sai ya rera a madadinka, mu bar kukumarka."

Maigida ya ɗora kukumar a cinya yana shafa ta. Waƙar da ya yi da bakinsa a gonar gero, ga ta za ta fita duniya a bakin wani.

Na ce, "Ɗana, ba laifinsa ba ne. Ni na ɓata shi. In ban yi masa katsalandan ba rikicewa yake. Haka muke yin ta, haka babanka ya ji ta."

Saurayin ya shiga motsa baki a hankali, yana bin baitin yadda babansa ke rera shi. Can ya yi dariya, idonsa ya ciko. "Wallahi babana ma bai taɓa faɗin Karare ba. Tsalle yake ya kama amshi."

Aka sake. Na faɗa da wuri iya ƙarfina, kamar mai tare akuya a bakin rumbu.

Da fim ya fito, 'yata ta turo mini wurin a waya. Na hau acaɓa zuwa Safana, inda maigida ke zaune gidan ɗansa tun da ya bar ƙauye. Yanzu ko sallama sai ya huta a tsakiya. Muka zauna gindin dalbejiya, na riƙe masa wayar. Ga babur na gudu tsakanin gonaki, ga muryarsa tana jero garuruwa, ga ni na faɗo kamar wawa. Ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya saurara har ƙarshe, idonsa a rufe, sannan ya dafa gwiwata.

"Tsohon banza," ya ce, "tun ran farko na san abin da kake yi. Hararar ma don kada ka ji kunya ce."