Ƙafar Ummaru Mai Taka Lawashi

Yaushe rabonka da ka zauna ka ɗaga ƙafarka ka dubi tafinta? Ba wankin alwala nake nufi ba, wanda hannu ke wucewa ido yana wani wuri. Na yi wa mutum goma sha ɗaya wannan tambaya a kasuwar albasa ta Aliero, ɗaya kaɗai ya ce jiya, shi ma don ƙaya ta soke shi ne. Yayana Ummaru yana cikin waɗanda ba su taɓa dubawa ba, alhali da ƙafar yake ciyar da gidansa.

Ni sunana Auwal, lodin albasa nake yi zuwa kudu. Shi Ummaru manomi ne, gonarsa tana fadamar Kimba, amma abin da aka san shi da shi taka lawashi ne. A wajenmu idan albasa ta ƙosa, kafin a cire ta, akan bi fangali bayan fangali a kwantar da ganyenta da ƙafa, don wuyanta ya bushe ta daɗe a rudu, rumbun ajiyar albasa, ba ta ruɓe ba. Kowa yana ganin zai iya. Amma ka danna da yawa ka ƙuje kan albasar, bayan wata guda ta zama ruwa a wurin ajiya, ta ɓata na kusa da ita. Ka sassauta, gobe ganyen ya miƙe. Ummaru da gefen ƙafa yake yi, ba takalmi, yana tafiya a karkace, yana jin kowane kai a ƙarƙashin fatarsa kafin ya sauke nauyi. Daga Jandutsi, daga Fagada, har Maiyama ake aiko masa da babur tun albasa ba ta gama ƙosawa ba.

Shekarun baya aka gaya masa a asibiti yana da ciwon suga. Magani yana sha in ya tuna. Abin da ya biyo baya kuma sai ya zame masa abin alfahari: ya daina jin zafin ƙasa. Da azahar a watan bazara yana ratsa yashi ƙafa tsirara, mu muna tsalle. Gado, direban babbar mota, abokinsa tun suna yara, ya laƙaba masa Kofato, sunan kuma ya bi shi har masallaci.

Matarsa A'i ce ta fara ganewa. Wata safiya, wata biyu bayan an gama dashe, ta ga kiyashi sun ja layi zuwa tabarmar da yake zaune.

"Malam, mi kat taka?"

Ya ce bai taka komai ba. Ta kama ƙafar dama ta juya, sai ga guntun waya, irin wadda ake ɗaure tiyon ban ruwa da ita, ta nutse a gindin babban yatsa. Ba wanda ya san kwana nawa ta yi a ciki. Aka cire, aka yi abin da aka saba: gashi da ruwan zafi, man shanu, tsumma. Da yake ba ya jin zafi, ruwan ya ƙona fatar bai ce uffan ba. Kafin mako uku ramin ya kai faɗin murfin kwalba, yana wari, gefensa ya yi baƙi.

Na ɗauke shi zuwa Birnin Kebbi. Likitan bai ɓoye mana ba, ya sa yatsa ƙasan gwiwa ya ce idan ruɓar ta kai ƙashi, nan za a yanke. Ummaru ya dubi wurin da yatsan likita yake, bai ɗauke ido ba har muka fita. A bakin ƙofa likitan ya kira ni ya ce akwai wani asibiti a Abuja da ke neman masu irin wannan gyambo don wani bincike, ba a biyan komai, zai rubuta mana takarda in mun yarda. Ban bari ya gama ba na ce mun yarda.

Wadda ke jagorantar binciken Likita Mardiyya ce, kuma da Hausa ta yi mana bayani, a zaune, ba gaggawa. Ta nuna mana wani abu kamar tankin ruwa a kwance, na gilashi mai kauri, da gado a ciki. Mutum zai shiga a rufe, a cika shi da iskar oksijin zalla, a matsa ta fiye da yadda iska take a waje. Matsin ne ke sa jini ya ɗauki iskar da yawa ya kai ta naman da jijiyoyinsa suka tsuke saboda suga. Na tambaye ta ko cikin mutum goma nawa ke warkewa. Ta ce da ta san amsar da ba a kira shi bincike ba: a wasu ƙasashe an gwada an ga amfani, wasu sun gwada ba su ga bambanci ba. Saboda haka za a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, duka za a wanke musu ciwo a ba su magani da takalmi na musamman, rabi ne kawai za su shiga tanki. Ƙuri'a ta jefa Ummaru cikin masu shiga.

Sai ta kafa masa sharaɗi, ta maimaita shi har sau biyu. Ƙafar nan ba za ta ɗauki nauyinsa ba har ramin ya rufe. Ta ce tanki ko ba tanki, gyambon da ake takawa ba ya warkewa.

A'i ta tare da shi a ɗakin wani ɗan garinmu mai sayar da albasa a can. Litinin zuwa Juma'a yana shiga tankin, kusan awa ɗaya da rabi kullum, kunnuwansa suna toshewa yana haɗiyar yawu kamar yadda aka koya masa. Ba a shiga da waya, ba ashana, ba mai a jiki, don a cikin wannan iska ɗan tartsatsi ya isa ya tada gobara. Juma'ar farko ya zo ya sha turare har da na gemu, ma'aikaciyar jinya ta mayar da shi wanka, ya yi kwana biyu yana mita wai an hana shi sunna. Duk mako ana ɗora leda a kan ciwon a zana gefensa da alƙalami. Na sa A'i tana ɗauko mini hoton zanen, ina jera su a wayata. Na farko murfin kwalba, na uku bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, naman ciki ya koma ja. Na nuna wa duk wanda ya tsaya kusa da ni a tasha, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ana cikin mako na huɗu albasar Kimba ta ƙosa. Na riga na shirya da masu aiki biyu za su taka masa, na kuma ce kada kowa ya gaya masa. Na manta Gado yana sauke kaya a Abuja, kuma Gado bai taɓa riƙe magana ta kwana a bakinsa ba.

Ranar Asabar da hantsi ina Jega muna ɗinke buhuna, A'i ta kira. Ba ta ko tsaya tsokanar da muka saba ba.

"Auwal, yayanka ya tahi. Jiya da marece yac ce min za su ci abinci da Gado a gareji, zai kwana can. Yanzu nag ga babu hularshi ta gona."

Na tambaye ta ko ya ɗauki sandunan dogarawar da asibiti ya ba shi. Ta ce ga su nan jingine a bayan ƙofa.

Na bar buhunan a buɗe na hau babur. Daga Jega zuwa Kimba ba nisa, amma ranar sai na ga kowace akuya ta zaɓi ta tsallaka gabana. Abin da nake lissafawa a raina ɗaya ne: mota mara kaya in ta taso da marece, da asuba ta iso. Ke nan ya riga ni da awanni.

Tun daga kan gangare na hango shi. Yana tsakiyar gona, a karkace, hannuwa a baya, kamar kowace shekara. Takalmin asibiti yana rataye a kan injin ban ruwa. Bandejin da ke ƙafarsa ya zama launin laka, jelarsa tana jan ƙasa. Gado yana tsugune a gindin mangwaro, da ya gan ni ya miƙe yana cewa shi wallahi cewa aka yi za a zo a duba kawai. Na ƙirga fangalin da ganyensu ya kwanta: bakwai.

"Yaya, hito."

"Wa ya aiko ka? Koma ga buhunanka."

Na ce masa laka tana shiga ramin, likita ta ce kada ya taka. Ya ce likita ta san tankinta, shi ya san ƙafarsa, kuma ko ɗigon zafi ba ya ji. Ya ce yaran da na ɗauko da takalmin roba za su shiga, su kashe masa noman shekara. Yana magana yana ci gaba da takawa. Na yi tunanin in rungumo shi in fito da shi, amma wa ke kama yayansa a gaban mutane, kuma in muka yi kokawa a laka ƙafar ce za ta sha.

Na sunkuya ne don in ɗauke jelar bandejin kada ta harɗe shi, sai idona ya faɗa kan albasar da ya wuce. Ta fashe. Na tona ta kusa da ita, gefenta ya ƙuje har ruwa na fita. Na bi layin ina cirewa, cikin goma na farko shida sun ji rauni. Na tara su a gaban rigata na kai masa.

Ya juya ɗaya a hannu ya ce wannan aikin yaran ne. Na ce yaran sai gobe za su zo, ba wanda ya shiga gonar nan sai shi. Ya waiwaya wajen Gado, yana jiran ya ƙaryata ni. Gado ya cire hula ya sosa kai.

"Kofato, tun bara ne. Rudun Maiyama da kat taka, rabi ta ruɓe. Na Fagada ma haka. Kowa ya sani, kunyarka aka ji. Ba ka lura bana ba wanda ya aiko da babur ba?"

Ni kaina ranar na fara ji. Ummaru ya tsaya da albasar a hannu. Na ce ya zauna a kan kunyar fangali ya rufe ido, in gwada abin da na ga Likita Mardiyya tana yi. Ga mamakina ya zauna. Na taɓa kan yatsun ƙafarsa ta hagu, mai lafiyar, ɗaya bayan ɗaya, na ce in ya ji ya ce ya ji. Na gama, na sake. Yana nan ido rufe.

"To fara mana," in ji shi.

Gado ne ya goya shi zuwa mota, ni na ɗauko takalmin.

Kafin mu kai Abuja zazzaɓi ya rufe shi, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Likita Mardiyya ta kwance bandejin, ta daɗe tana dubawa, ta tambaye shi abin da ya faru, ya faɗa mata duka bai rage ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce za ta rubuta shi yadda ya faru, don binciken da aka ɓoye wa gaskiya ba zai amfani kowa ba. Hoto ya nuna ƙwayar cuta ta kama ƙashin babban yatsa. Aka shiga da shi tiyata, likitan fiɗa ya ce sai ya buɗe zai san inda zai tsaya. Ni da A'i muka zauna a benci, tana jan carbi, ni ina ƙirga masu wucewa don kada in tuna da yatsan likitan Birnin Kebbi a ƙasan gwiwa.

Yatsu biyu aka cire, babba da na kusa da shi. Sauran ƙafar ta tsira. Bayan ya farfaɗo aka mayar da shi tankin ya ƙarasa kwanakinsa, wannan karon sanduna ba su bar hammatarsa ba, A'i kuma ta hana Gado wuce bakin ƙofa. Ranar sallama na tambayi likita ko tankin ne ya ceci ƙafar. Ta ce daga mutum ɗaya ba a sani, sai an haɗa na kowa an kwatanta, amma abin da take da tabbas a kai shi ne da an ga wayar nan ranar da ta shiga ƙafarsa, da ba mu taɓa sanin hanyar ofishinta ba.

Shekara ta zagayo, bana Ummaru bai taka lawashi ba, kuma ba zai ƙara ba. Yana zuwa gona da takalminsa, ya zauna a kujera a bakin fangali, masu takawa suna wucewa yana tona bayansu da sanda yana dubawa, wanda ya ƙuje kai biyu a jere ya fitar da shi. Kowace safiya A'i tana juya ƙafafunsa biyu a hasken ƙofa kafin ta ba shi kunu. Gado har yau Kofato yake ce masa, sai dai yanzu ba ya amsawa.

Idan kana da suga, ko akwai mai shi a gidanku, ina roƙonka ka yi wannan yau. Ya cire takalmi ya rufe ido, wani ya taɓa masa kan babban yatsa, na tsakiya da ƙaramin, a kowace ƙafa, taɓawa mai sauƙi ba dannawa ba. Shida ke nan. In biyu suka wuce bai ji ba, ku nufi asibiti, kada ku jira ciwo. Sannan ku juya tafin ku duba da ido. Gwada ka gani, bai kai tsawon shan kofin shayi ba.