Modar Kakata

Jiya na je gaishe da Baffa, ƙanen mahaifina, a sabon gidansa na unguwar Soba, nan Khartoum. Ina shiga falo na gan su: fararen tukwane biyu, ganye tsaye cak kamar takubba. Wallahi sai da na ji raina ya ɓaci tun kafin in zauna.

Moda ce. Maƙwabtanmu Larabawa suna ce mata jildin nimir, wato fatar damisa. Ku da kuke sayenta yau a shagunan Khartoum, ba ku san ta kamar yadda na san ta ba. A gidanmu na Omdurman Kaka tana da ita cikin tsohon gwangwanin mai, a gindin gadonta. Mahaifiyarta ce ta taho da saiwar daga ƙasar Hausa, ƙulle a bakin zane, kan hanyar Makka da ba ta ƙarasa ba. Lokacin zafi, kowane tsiro a tsakar gida ya yi yaushi, ita tana nan shar, ragowar ruwan alwala kawai take sha. Kunnen yaro na ciwo, Kaka ta gasa ganye ta matse masa. Igiyar gado ta tsinke, ta fitar da zaren ganyen ta tufka. Ko guguwar habub ta turnuƙe gari, ɗakinta muke gudu, don can ne ake iya numfashi.

Tana da al'ada. Duk 'yar gidan da za ta tare, sai ta ɓalle mata tsiro ɗaya da hannunta. Gwaggonnina duk sun samu. Ni ce jikar fari, tun ina ƙarama nake leƙa gwangwanin ina zaɓen nawa.

Sai ga Baffa ya dawo daga Jidda, yana neman aure cikin Larabawan unguwar Bahri. Ranar da surukai za su zo ganin gida, ya sunkuci gwangwanin ya jefa motar shara.

"Halas ya Yumma, ya isa haka Inna, kayan ƙauye ne. So kike su ce mu Takari ne?"

Kaka ta dube shi. "To mu su wane ne, ɗan nan?"

Wata gwaggona ta kawo mata tsiro daga tata, Kaka ta ƙi karɓa. Ta ce ba a mayar da tsiron amarya gida. Ta rasu gindin gadonta wayam, ni kuma na tare hannu rabbana. Har yau abin yana cina.

Yanzu ga shi an zuba modar a farar tukunya, ta zama ta 'yan birni. Baffa ya ga ina kallonta, ya washe baki.

"Kin san tana tace iskar ɗaki? A waya na gani. Ɗauki ɗaya mana, hadiya ce."

Na binciki fuskarsa ko zan ga kunya. Babu. Mutumin nan ya manta sarai, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai. Na ajiye shayin ban sha ba.

"Bar abarka, Baffa. Tawa ka riga ka ba motar shara."