Kiɗan da Baba Dobri Bai Taɓa Ji Ba

Shekara huɗu muna gidan bene ɗaya da Baba Dobri Halachev a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur, ni a hawa na uku, shi a ƙasa. Lokacin ina digiri na uku. A shagon mamak na bakin layi, irin na Indiyawa masu sayar da shayi da abinci, muka fara haɗuwa. Ina jiran shayi ina rera wata waƙar cocinmu ta Jos ƙasa-ƙasa, sai wani tsohon Bature ya karkato kunnensa na dama ya ce, "Ƴata, maimaita min wurin nan." Na maimaita. Ya tambayi sunana, na ce Agnes.

Mutumin Bulgeriya ne, daga wani ƙaramin gari kusa da Plovdiv. Mahaifinsa makaniken jirgin ƙasa ne. Yana shekara bakwai aka miƙa masa fayolin, wato gogen Turawa, bai ƙara ajiye shi ba. Ya yi karatun kiɗa a Sofiya, ya shiga ƙungiyar makaɗan gwamnati a wani birni, yana kaɗawa yana kuma tsara nasa. Har rediyo ta taɓa sa guda biyu. Da mulkin gurguzu ya faɗi, sai aka rushe ƙungiyar. Abokansa wasu suka koma tuƙin tasi. Shi ya yi ta yawon neman aiki har ya samu a wata ƙungiya a Kuala Lumpur, ya taho da matarsa Nevena.

Shekara tara yana can, sai kunnensa na hagu ya fara mutuwa. Ya ɓoye. Wata rana ana atisaye ya riga kowa fara kaɗawa, har sau uku. Shugaban makaɗan bai yi masa faɗa ba, kwantiraginsa kawai ba a sabunta ba. Ya koma kaɗa fiyano a wani otal a Bukit Bintang, baƙi suna cin abinci suna hira a kansa. Nevena ta tafi gida jinya, ba ta dawo ba. Bayan an binne ta aka sanar da shi.

Abin da ya riƙe shi a duniya wani dogon kiɗa ne da yake rubuta wa makaɗa tamanin, shekara ashirin da biyu yana kansa. Da fensir yake rubutawa. Ba a taɓa kaɗa shi ba. Ya aika wa ƙungiyoyi da dama shafukan farko, ko amsa bai samu ba. Na sha ce masa, "Baba, kawo in ɗauka a waya, a ajiye."

"Bai ƙare ba," yake cewa. "In ya ƙare."

A watan Disamba na 2021 aka yi ruwan da ya cika gari. Ranar yana otal, hanya ta toshe, bai samu dawowa ba sai washegari da hantsi. Ruwa ya kai ƙugu a ɗakinsa. Akwatin takardun yana ƙarƙashin gado.

Ni da maƙwabcinmu Muntasir muka kwashe su zuwa sama, muka baza a barandata. Sun manne, laka ta ci su, kana ɗaga shafi yana narkewa a hannu. Baba Dobri yana zaune a kujera yana kallonmu, bai taɓa ko ɗaya ba.

Muntasir ya ce, "Baba, ai yana cikin kanka. Sai ka sake rubutawa a hankali."

Ya ce, "Na gwada tun a hanya. Farkon kawai nake ji. Sauran a takarda yake."

Ya sayi sabon littafi, ya zauna da shi wata biyu, shafi ɗaya da rabi ya rubuta, shi ma ya yage. Ya daina zuwa otal. Da takardar zamansa ta ƙare bai nemi sabuntawa ba. Ƴar ƙanwarsa Ralitsa ta aiko masa da tikiti. Ni na raka shi tashar jirgin ƙasa mai zuwa filin jirgi, jaka ɗaya ce a hannunsa. Fayolin ɗin ya bar wa mai gadin gidanmu, wanda bai san yadda ake riƙe shi ba.

Bara Ralitsa ta rubuto min cewa ya rasu a gidan tsofaffi. Ta tambaya ko akwai wani kiɗa nasa da ya rage a wurina, suna so a kaɗa wajen jana'iza. Na duba duk kayana. Na rubuta mata na ce babu.