Baba Matsi da Hotunan Zuciya

Kafin masu shara su gama da farfajiyar asibiti, ya riga ya buɗe ɗakinsa na ƙarƙashin bene, wanda kwamfuta biyu da fanka suka cinye. Baba Matsi ake ce masa. Kullum yakan tattara hotunan marasa lafiya na jiya, ya matse su cikin ƙunshi ɗaya su ƙanƙance, ya adana. Ba ya goge na asali sai ya warware ƙunshin a ɗaya kwamfutar ya ga komai ya fito lafiya. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma a watan nan zai ajiye aiki.

Wata Talata wani tela ya faɗo ɗakin, ido jajur, wani likita na biye da shi. 'Yarsa na fama da ciwon zuciya. Wata ƙwararriyar likita a can nesa ta yarda ta duba hotunanta, amma sai in sun isa kafin ƙarfe sha biyu, lokacin rufe jerin waɗanda za a yi wa tiyata a shekarar. Hotunan sun yi nauyi, imel ya ƙi ɗauka, intanet kuma na jan ƙafa.

"Baba, rage musu kyau kawai su wuce," in ji likitan yarinyar.

"A'a, likita. In abin da ake nema ya dushe fa? Me za ta gani?"

Ya matse su ba tare da zubar da ko ɗigo ba, ya yanka ƙunshin gida tara, ya riƙa turawa ɗaya bayan ɗaya. Na bakwai ya katse sau biyu. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, amma a haka ya kira sakatariyar ƙwararriyar yana koya mata yadda za ta haɗa su. Saura minti takwas ta ce sun buɗe. Ƙwararriyar ta hango wata 'yar huda da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ta ce a kawo yarinyar.

Tela ya zube ƙasa yana kuka.

"Tashi, ɗana, kar ka tsinke min waya."

Wallahi har yau abin na ba ni mamaki. Baba Matsi, kai ne ka ƙi gaggawa a ranar da kowa ya rikice. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku masu zama gaban kwamfuta, ku yi koyi da shi, don akwai rai a cikin abin da kuke turawa. Yarinyar nan yau tsere take yi a makaranta, ba ta ma san da kai a duniya ba, Baba.