Dashen da Na Zaɓa wa Kifin Baba

Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifina, ban shawarci kowa ba na je Kashin Zama na ɗauko shi zuwa gidana a Jega. Ni ne babba, ni ne malamin makaranta, asibiti kuma na kusa da ni, to wa zai ja da ni? Ƙanena da ke zaune da shi a ƙauye ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya bari sai ya girma. Lokacin 'ya'yansa shida.

Na ba Baba ɗaki mai fanka da katifa mai laushi. Magani ba ya wuce lokacinsa, matata kuma ba irin kunun da ba ta dama masa ba. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa a lambun albasa sai ya koma kallon bango. Abinci loma biyu, magana ba ta fi "to" da "madalla" ba. Yana ramewa a gabana, ni kuwa tsoro ya cika ni, don na san inda irin wannan shirun ke kai tsoho.

Wata rana a Birnin Kebbi na ga mai sayar da kifin ado. Na ce bari in sama wa Baba abin kallo da ya fi bango. Na sayi akwatin gilashi, da jajayen kifaye biyar 'yan mitsi-mitsi, da ɗan injin da ke busa musu iska. Mutumin ya turo mini baho cike da tsirrai, ya ce in zaɓi na dasawa a ciki.

A nan na yi abin da aka hore ni a kansa tun ina ƙarami. A gidanmu, ranar dashen albasa, irin da ake so shi ne mai kaurin wuya, mai tsayuwa da ƙafarsa. Wanda ya langaɓe jefar da shi ake yi, in ka dasa shi kuma ka sha ranƙwashi. Don haka na tsamo masu ƙarfin kara, masu ganye mai kauri da sheƙi da ratsin fari. Wasu da suka yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen zare na ture su gefe, har ina yi wa mai kayan faɗa a kan tara shara.

Baba ya so kifayen nan. Ya sa aka juya masa kujera, yana barbaɗa musu abinci da hannunsa mai lafiya, shi ma cin nasa ya ɗan ƙaru. Na fara jin kaina likita.

A mako na uku ganyen ya soma rawaya. Gindin ya yi laushi, ruwan ya gurɓace, ɗakin ya ɗauki wari irin na albasar da ta ruɓe a rumbu. Kifi biyu suka taso ciki sama. Na ɗora laifin a kan ruwan rijiya, na ɗora a kan matata wai ta wanke akwatin da sabulu, alhali ko taɓa shi ba ta yi ba. Na koma na sayo wasu tsirran, waɗanda suka fi na farko ƙarfi. Kifi na uku ya bi 'yan'uwansa. Baba ya sa aka mayar masa da kujerarsa wajen bango.

Ana cikin haka wani tsohon abokinsa ya zo duba shi. Masunci ne daga wajen Maiyama, yana kawo busasshen kifi Jega ranar kasuwa, Kawu muke ce masa. Da suka gama gaisawa ya shinshina iska, ya matsa gaban akwatin, ya naɗe hannun riga ya tumɓuko tsiro guda ya riƙe shi ta gindi.

Ya ce, "Wa yad dasa wanga?"

Na ce, "Ni na, Kawu."

"Lalle kai ɗan manomin albasa na. Duba, tsaye shike kamar soja. Abin da ruwa yah haihwa ba shi tsayuwa in ka hiddo shi. Ruwa ka ɗaukar mai nauyinai, mi za shi yi da ƙashi?"

Ran kasuwa ta gaba ya dawo da bokiti. A ciki akwai irin sharar nan da na raina, ya tsinko ta daga gulbi. Ya ɗora reshe guda a tafin hannuna, nan take ya kwanta ya manne. Ya ce in ɗaga ganyen ga haske. Siriri ne, haske na ratsa shi, kafin mu gama magana ma bakinsa ya fara bushewa. Na tudu kuwa, in ji shi, ganyensa na da kauri da santsi don ya tsare ruwan jikinsa daga rana, shi ya sa in an nutsar da shi ba ya samun numfashi. Ya kawo kainuwa guda biyu, ya ce ita dashen Allah ce, kada in kuskura in tura ta cikin tsakuwar gindin akwatin, a bisa ruwa ake ajiye ta. Ya kuma ce in bar su duka a baho mako guda ina sauya ruwa, kada in kai wa kifi matsattsaku.

Ni da gardama kamar ƙuda da miki. Na ce, "Amma Kawu, nawa sun yi sati biyu kore shar."

Ya ce, "Haƙuri sukai, ɗana. Na tudu shina iya sati biyu, ukku, kai kana murna ka kyauta mai, shi ko shina mutuwa tun daga gindi."

"To mi za a yi da su?"

"Maida su ga ƙasa tun da sauran rai."

Sai muka ji kujera ta motsa. Baba, wanda ya kwana biyu bai haɗa kalma uku ba, ya juyo ya dube ni. Harshensa na ja, ya ce, "Kai. Ka jiya?"

Na ji. Da farko haushi na ji, don ina ganin ba abin da ban yi masa ba. Daga baya kunya ta rufe ni. Wata huɗu Baba yana haƙuri a ɗakina mai fanka, bai ce in mayar da shi gida ba don kada in ce ya raina hidimata, ni kuma ban taɓa tambayarsa ba.

Kafin dashen albasa na wannan shekarar na mayar da shi Kashin Zama. Ƙanena ya tarbe mu, bai goranta mini ba, kuma har gobe ina gode masa da hakan. Magani ni nake kai shi duk ƙarshen mako ta hanyar Aliero. Kullum da safe sukan ɗauki Baba a kujera su ajiye shi a inuwa bakin lambu, yana kallon ruwa na bin fangali, yana faɗa da duk wanda ya dasa a karkace. Hannun bai warke ba, amma cin abinci ya dawo, faɗa ma ya dawo fiye da yadda muka roƙa. Albasar shekara biyu ya gani an cire kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Kawu ma ya rasu. Ban san ko da gangan ya yi maganar nan a gaban abokinsa ba, ban kuma tambaye shi ba. Ina sa shi a addu'a tare da iyayena. Kifaye biyun da suka rage sun daɗe cikin ciyawarsa, tsirran tudun da na dasa a tsohon bokiti kuwa yanzu sun kai ƙuguna.

A dashen ƙarshe da Baba ya gani, na same shi an zube masa iri a cinya yana tacewa da hannu ɗaya. Ya tsamo wani langaɓaɓɓe, ya ɗaga zai jefar kamar yadda ya saba, sai ya hango ni. Ya miƙo mini, rabin bakinsa na dariya, ya ce, "Ungo, kai ma kihinka."

Na karɓa na sa a aljihu.