Wayoyin Baba Yohanna

Ina ƙarƙashin wata tirela a Fatakwal Bulus ya kira ni. Bai ko gaishe ni ba. Ya ce, "Yaya, Baba ya tafi." Na zauna a ƙasa cikin baƙin mai, sifana a hannuna, na rasa wanda zan gaya wa, don a garin nan babu wanda ya san Baba Yohanna mai batir na unguwar Television. Bulus ɗansa ne na cikinsa. Ni kuwa a rumfarsa na koyi sana'ar da nake ci da ita, bai taɓa bambanta mu ba.

Mutum ne da bai yarda da gaggawa ba. In an kawo mota ana cewa batir ya mutu, sai ya ce, "Ku bari mu gaisa da shi tukuna." Ya kwance baƙar waya kafin ja, ya wanke farin garin da ya taru a kan batirin da ruwan zafi da kanwa, ya goge, ya shafa girisi, ya ɗaure. Sau da yawa a nan ciwon yake ƙarewa. Ya tsani mai buga kan batir da dutse. Yakan ce, "Kai in ka gaji, dutse ake buga maka?"

Yana da wata ɗabi'a da Mama Saratu, matarsa, ta yi ta faɗa a kanta har ta haƙura. In batirin wani yana caji, sai ya ciro na tsohuwar motarsa ya ba shi aro, ya sa wa tasa wani gajiyayye. A makon da ya rasu, nasa yana motar wata malamar makaranta daga Mahuta.

Ranar Lahadi ce. Bai je coci ba saboda ƙirji na damunsa, Bulus ya tsaya da shi. Da ya faɗi a tsakar gida, Bulus ya sa shi a mota, ya murɗa makulli, motar ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Layin babu kowa, duk ana sujada, sai jif ɗin maƙwabcinsu a ƙofar gida. Ba zan rubuta sunansa ba, ya san kansa. Bulus ya ruga wurinsa da wayoyin Baba na tayar da mota a kafaɗa.

"Oga, don Allah buɗe bonet, Baba ne ba lafiya."

"A'a, a'a. Motar nan ba irin taku ba ce. Ka ƙona min ƙwaƙwalwarta, wa zai biya?"

"To ka kai mu da ita."

"Ina da baƙi a hanya. Ka nemi keke mana."

Kafin a samu keke a bakin titi, kafin a haye gada zuwa asibiti, Baba ya cika a cinyar ɗansa.

Zan yi adalci, domin abin da Baba ya koya min ke nan. Likita ya ce ko da an iso da wuri ba lallai ya tashi ba. Kuma gaskiya ne, in aka haɗa waya a juye, motar zamani tana lalacewa. Amma mutumin nan ya san ɗan wa ke tsaye a gabansa. Sau nawa Baba ya fito cikin ruwan sama da wayoyin nan ya tayar masa da mota, tun yana jan akwala? Lokacin motarsa ba ta da ƙwaƙwalwa?

Ban samu zuwa jana'iza ba. Amma na kira duk mai batir da na sani daga Trikania har Mahuta, na ce duk wanda ya taɓa motar mutumin nan, ba ni ba shi har abada. Ban ji kunya ba, har yanzu ba na ji.

Maƙwabcin ya zo jana'izar da farar riga, ya zauna a gaba. Ya manta fitilunsa a kunne. Da aka tashi, jif ta ƙi tashi. Masu batir suka harɗe hannuwa suna kallonsa yana zufa. Bulus ya ce min ranar ce ya fara jin sanyi a ransa. Sai Mama ta fito daga cikin mata, ta ce, "Bulus, malamar nan ta dawo da batirin babanka. Matso da motarsa, ka ɗauko wayoyin."

"Mama, shi fa?"

"Shi. Babanka bai taɓa barin mota a hanya ba, ba za a fara a kan kabarinsa ba."

Bulus ya haɗa, ja a ja, baƙa a ƙarfen inji, hawaye na zuba. Bugu ɗaya ta tashi. Mutumin ya miƙa hannu, Bulus ya naɗe wayoyinsa ya juya.

Mama ta fi ni. Ni ban yafe ba, ba zan yi ƙarya a kan gawa ba. Roƙona shi ne Allah ya ba maƙwabcin nan tsawon rai da lafiyayyen kunne, duk safiyar da ya murɗa makulli ya ji injin ya amsa, ya tuna wayar wa ta tayar da shi.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Yohanna, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutu a wurinka. Ka riƙe Mama Saratu, ka ƙarfafa Bulus a rumfar da aka bar masa. Ni kuma, in akwai sauran taushi a zuciyata, kai ka san inda yake. Amin.