Abdulgani Bai Iya Ruwa Ba

Masu zuwa Juma'a a Masallacin Huaisheng da ke Guangzhou sun san Malam Abdulgani da audugar da ke kunnensa na dama. Na hagun ya daɗe da mutuwa, ƙarar injuna ta cinye shi. Bahaɗeje ne, ƙuruciyarsa ta ƙare a dandalin haƙar mai da ke tsakiyar teku, can kudancin Najeriya. Yanzu yana Guangzhou, yana saya wa 'yan kwangila kayan kariyar ma'aikata: hular kwano, takalmi mai bakin ƙarfe, da rigar ceto, wadda ke riƙe mutum a saman ruwa in ya faɗa.

Rigar nan ce wahalarsa. Ba ya yarda a loda ta sai ya zaro ɗaya daga ƙasan kwali, ya ɗaura, ya faɗa kwamin gwaji na masana'anta daga kan tsani. Ga shi bai iya ruwa ba.

A bara kunnen daman ya fara ruwa. Wani likita a unguwar Tianhe ya ce masa dodon kunnen ya yi laushi, in ya ci gaba da tsalle cikin ruwa wata rana zai fito a kurma.

Ran da aka gama masa wasu riguna a wata masana'anta da ke Panyu, Souleymane ne ya raka shi, Bakatsinen Maraɗi mai harkar fitilu, abokin wasansa.

"Baba Ganiyu, kai dai abin kunya ne," in ji Souleymane a jirgin ƙasa. "Kogi a bayan gidanku, amma ko kwaɗo ya fi ka."

"Ku Katsinawa da kuke wanka da buta ɗaya? Matso ta dama, ban ji ka sosai."

A masana'antar, mai wurin ya tarbe su da shayi, ya kira wani ma'aikacinsa ƙaƙƙarfa, ya nuna shi, ya nuna kwamin. Wato ga wanda zai shiga, tsoho ya huta.

"To Alhamdu lillahi," in ji Souleymane. "Zauna ka sha shayinka."

Abdulgani ya dubi mutumin. "Tambaye shi, ya iya ruwa?"

"Kamar kifi, in ji lawban, mai wurin nan."

"Shi ya sa. Wanda ya iya ruwa, jikinsa na taya riga ƙarya bai sani ba. Ƙafa za ta motsa, wuya zai ɗaga. Wanda ya faɗo daga dandali kuwa, sau da yawa kansa ya riga ya bugi ƙarfe, a sume yake isa ruwa. Rigar ce za ta juyo da fuskarsa sama, ita kaɗai."

"To bari ni in shiga. Ni ma dutse ne."

"Kai za ka yi ta harbe-harbe don tsoro, duk ɗaya ne. Sai wanda ya koyi sakin jiki kamar gawa."

"Kunnen fa?"

Abdulgani ya miƙe. Ya ƙara cusa auduga, ya shafe ta da man kaɗanya, ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa Souleymane, ya zaro rigar ceto ɗaya daga ƙasan kwali ya ɗaura. Tsanin ya ba shi wuya, ya tsaya a tsakiya yana haki. Daga sama ya yi bisimilla ya saki jiki.

Ya nutse da fuska ƙasa. Can rigar ta mirgino shi a hankali, hancinsa ya fito. Ya kwanta a haka yana kallon rufin kwano, bai ko yi saurin neman fita ba. A bakin kwamin ya ga bakin Souleymane na motsi, ya ga mai masana'antar na tafi. Abin da ke isa gare shi wani gunji ne kawai, daga nesa.

Da suka jawo shi, ya zauna a siminti, ruwa na zuba daga gemunsa.

"A loda," ya ce, da murya mai ƙarfi fiye da yadda ya saba.

Souleymane ya durƙusa ta damansa ya yi magana. Abdulgani ya zuba wa leɓunansa ido.

"Sake faɗa. A hankali."